Kabad ɗin Hawa na Uku

Shekara ashirin da tara Kafaɗa ya yi yana sauko da gidajen mutane daga wani bene yana hawa da su wani. Ba shi ne sunan da aka raɗa masa ba. Abokan aiki ne suka laƙaba masa tun yana sabon shiga a kamfanin kwasar kaya, ranar da wata firji ta suɓuce wa mutum biyu a kan matakala ya tare ta da kafaɗarsa ta dama. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa ma, Allah ya jiƙanta, in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyan nan kamar babu, sai ka ce an ɗora kan ne kai tsaye a kan kafaɗun. Ba ya da yawan magana, don a aikinsu surutu bai taɓa sauke ko kujera ba. Abin da ya sani, da hannu ya san shi. In ya shiga gida ba kayan yake fara duba ba, ƙofa yake dubawa, ya auna faɗinta da hannunsa, ya taka matakalar sama da ƙasa ya ga inda ta lanƙwasa. Madubi a wajensa a tsaye yake tafiya, tsakanin katifa biyu. Kabad kuwa ba a taɓa shi sai an cire masa ƙofofi, an zare aljihunansa, an bar shi fanko. Akwai kuma dokar da yake koya wa kowane sabon ma'aikaci tun ranar farko: a kan matakala mutum ɗaya ne ke magana, wanda ke ƙasa. Shi ne nauyin ke kansa, shi ne ke tafiya da baya bai ga inda zai sa ƙafa ba. Na sama ko shi ne mai kamfanin, ya kama bakinsa ya saurara.

A shekara ashirin da tara ɗin nan ya ga cikin gidaje fiye da yadda likita ya ga cikin mutane. Ya ga masu ba da ruwan sanyi, ya ga masu bin ka da ido har bakin mota kada ka saci cokali. Bai taɓa fasa madubin kowa ba. Wannan kaɗai ne abin da yake alfahari da shi, shi ma sai an tambaye shi.

Bayan nasa kuwa ba a wajen aiki ya gaza ba. Wata safiya ce ya sunkuya zai ɗaura takalmi, ya kasa miƙewa. Likita ya ɗaga hoton ƙashin a gaban fitila ya nuna masa wurare biyu a ƙasan baya da suka cinye suna gugar juna.

"Bokitin ruwa ɗaya," in ji likitan. "Iyakarka ke nan daga yau. In ka ƙara sa wannan bayan a ƙarƙashin nauyi, ban yi maka alkawarin za ka tashi da ƙafafunka ba."

Kamfani ya ba shi agogon bango, manaja ya riƙe hannunsa aka ɗauki hoto. Ya koma ɗakinsa na ƙasa ya rataye agogon. Shekara uku yana bin maganar likita sau da ƙafa, har buhun gawayi sai ya nemi mai ɗauko masa, shi da ya taɓa hawa bene biyar da injin wanki a baya.

'Ya ɗaya gare shi da ta rage a kusa, Auta. Ɗinki take yi a gida. Mijinta ma'aikacin ofis ne, mai tsabta, mai iya zance, irin mutanen da in suka yi maka bayanin abu sai ka ji kamar an riga an gama shi. Kafaɗa yana ce masa Malam a gabansa, a zuciyarsa kuwa Mai Biro. Ba mugu ba ne. Da mugu ne ma da abin ya zo da sauƙi, sai a san inda za a ajiye shi. Mutum ne kawai da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar takardu ba, ya kuma ɗauka duk aikin da ba a yi da biro, kowa ma zai iya.

Da mai gidan da suke haya ya ce yana son gidansa, suka sami wani a can gaba. A gidan da za su bari, a hawa na uku suke zaune. Kafaɗa bai jira an tambaye shi ba, ya kira Dogo, tsohon abokin aikinsa wanda yanzu shi ne shugaban 'yan lodi, ya tambayo farashi. Dogo ya rage masa saboda zumunci: mutum huɗu, rufaffiyar mota, barguna da igiyoyi, a gama kafin azahar. Kafaɗa ya hau benen su Auta a hankali, yana hutawa a kowane hawa, ya faɗa musu.

Mai Biro ya yi dariya, ba ta raini ba a ganinsa, irin dariyar wanda ya gano inda ake son cutarsa.

"Haba Baba! Wannan kuɗi haka? Don ɗaukar kaya kawai?"

Kawai. Kafaɗa ya ji kalmar ta sauka a daidai wuraren nan biyu da likita ya nuna masa. Ya dubi wayar da ke hannun surukin nasa. Kuɗin da ake magana bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta ba.

"Akwai kabad ɗin can, Malam," ya ce, ya nuna ɗakin kwana da haɓa.

Kabad ɗin uwar Auta ne, na tsohon katako mai nauyin tsiya, ƙofa uku, da dogon madubi a ta tsakiya. Kafaɗa da Dogo ne suka hau da shi shekara bakwai da suka wuce, ya kuma san abin da suka sha a kwanar da ke tsakanin hawa na uku da na biyu, inda rufin ya sauko ƙasa.

"Ai yadda ya hau haka zai sauka, Baba. Abokaina takwas sun ce za su zo. Mota kuma na samu mai sauƙi."

"To bari ni in biya su Dogo."

Nan fuskar Mai Biro ta canja. "Subhanallahi. A ce surukina ne ya biya mini kuɗin tashi? Baba, don Allah kada ka sa a yi mini dariya."

Auta ta dubi ubanta, ta dubi mijinta, ta mai da kanta kan ɗinkin da ke cinyarta. Kafaɗa ya miƙe. Gidan wani ne, mijin 'yarsa ne. Ya sauka ya tafi, yana ƙirga matakalar kamar yadda ya saba. Arba'in da biyu.

Ranar Asabar da safe ya iso da tsohuwar jakarsa ta aiki: sukudireba biyu, bargo biyu, da igiyar nan mai faɗi da ta yi baƙi saboda gumi. Cikin abokai takwas, biyu ne suka zo. Ɗaya abokin ofis ne mai tumbi, sanye da fararen kaya kamar zai je ɗaurin aure. Ɗayan ƙanin Mai Biro ne, ƙato, mai zuwa wajen ɗaga ƙarfe, hannuwan riga a naɗe don a ga damatsa. Sauran shida kowa da uzurinsa, wani matarsa ba lafiya, wani wayarsa a kashe. Motar kuwa buɗaɗɗiya ce, direban ya jingina da ita yana sakace haƙori.

"Ni tuƙi aka ɗauke ni," ya ce tun kafin a tambaye shi. "Kuma ƙarfe ɗaya ina da wani aikin."

Suka fara da ƙananan kaya, don su ne masu daɗin ɗauka. Kafin hantsi ya ɗaga sun cika gaban motar da kwalaye da tukwane da fitilu, babu wurin da manyan za su zauna. Kafaɗa ya faɗa sau ɗaya, ya faɗa sau biyu. Aka ce to Baba, aka ci gaba da abin da ake yi. Daga baya Mai Biro ya ɗauko kujerar roba ya ajiye masa a dandamalin hawa na biyu, ya sa Auta ta kawo masa shayi.

"Baba ka zauna nan ka huta. Kai dai ka sa mana albarka."

Wato an ba shi kujera ne don ya yi shiru. Ya zauna. Ya ga ƙafar tebur ta kankare fentin bango, ya ga an kwantar da firji a gefenta ana jan ta kamar akuya. Ya kurɓi shayinsa.

Da aka zo kan kabad ne ya tashi ya hau, jakar a hannu. Ya tarar sun naɗe shi da salatif zagaye uku, ƙofofi da aljihuna duk a jikinsa.

"Malam, kayan ciki fa?"

"Suna ciki, Baba. Dabara ce, mun huta da neman kwali."

"A ba ni minti ashirin. In cire ƙofofin, a zare aljihunan, a fitar da tufafin. Rabin nauyin zai tafi."

Daga ƙasa direba ya danna hon.

"Ka ji ko, Baba? Babu lokaci."

"To wa zai shiga ƙasa?"

"Ni. Su biyun nan masu ƙarfi su riƙe ta sama, ai can ne aikin yake, kada ya zame. Ni ina gaba ina nuna hanya kawai."

"Malam, nauyin ƙasa yake zuwa. Ƙaton nan za ka sa a ƙasa, da wani a gefensa."

Ƙanin ya yi murmushi ya murza damtse. "Baba kada ka damu. Abin da nake ɗagawa kullum ya fi wannan akwatin."

"Abin da kake ɗagawa yana da wurin riƙewa," in ji Kafaɗa. "Kuma ba ya bin ka matakala."

Suka yi dariya, suna tsammanin raha ce. Ya duba fuskar Auta. Ta buɗe baki za ta yi magana, mijin ya ce, "Ke dai kauce mana hanya." Kafaɗa ya juya ya sauka ya koma dandamalinsa. Bai zauna ba. Ya ja kujerar gefe, ya shimfiɗa bargo ɗaya a ƙasa, ya tsaya.

Ya ji saukowarsu kafin ya gan su. Su ukun duka suna magana a lokaci ɗaya.

"Ɗaga ta can!"

"A'a, sauke, sauke!"

"Ku turo mana!"

"Wa ya ce a turo? Hannuna!"

Taka shida suka yi lafiya. A ta bakwai, a kwanar nan, kan kabad ɗin ya daki rufin da ya sauko, kamar yadda Kafaɗa ya san zai daka. Maimakon a koma baya taka ɗaya a miƙar da shi, ƙaton ya sa ƙarfi ya tura. Salatif ya tsinke. Aljihun sama ya zamo da nauyin kayan da ke ciki, ya matse yatsun mai fararen kaya a jikin bango. Ya yi ƙara ya saki. Kabad ɗin ya sulalo gaba ɗaya ya danne Mai Biro a jikin ƙarfen matakala, gefen katakon a tsakiyar ƙirjinsa.

Bai yi ihu ba. Wannan ne ya tsorata Kafaɗa. Wanda ke ihu yana da iska. Bakin Mai Biro a buɗe yake, idanu sun firfito, babu abin da ke fita. A sama ƙaton yana riƙe da kusurwa ɗaya da ƙyar, ƙafarsa tana zamewa, Auta kuma tana bayansa tana salati, ba ta da hanyar wucewa.

Kafaɗa ya sami lokacin yin tunani, kada wani ya ce bai samu ba. Igiya tana cikin jaka. A ɗaura ta a ƙarfen sama a ja, minti biyu ne. Ya dubi leɓen surukinsa da ya fara canja launi, ya san babu minti biyun. Ya tuna hoton nan a gaban fitila, ya tuna bokitin ruwa. Ya cire hularsa ya jefa kan kujera.

"Kowa ya yi mini shiru!"

Muryar da ba a ji ba shekara uku ke nan. Matakalar ta yi tsit.

Ya hau taka huɗu, ya juya, ya lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe yadda ya koya wa mutum fiye da hamsin, ya cusa kafaɗar dama a ƙarƙashin gindin kabad ɗin.

"Kai na sama, ba turawa, ba ja. Riƙe kawai. In na ce uku, Malam ka zame ƙasa ta hagu. Ɗaya. Biyu. Uku."

Kabad ɗin ya ɗaga kamar faɗin tafin hannu. Ya isa. Mai Biro ya sulale ya faɗi a kan matakala yana jan numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Amma ba a sakin kaya a tsakiyar matakala. Wanda ya shiga ƙasa sai ya kai shi inda zai zauna.

"Miƙar da kansa. Kaɗan. Tsaya nan. Taka ɗaya. Taka ɗaya. Saura biyu."

A ta biyun ƙarshe ya ji wani abu a ƙasan bayansa kamar an zura waya mai zafi har cikin ƙafar hagu. Bai tsaya ba. Ya dire kabad ɗin a kan bargon da ya shimfiɗa, ya tabbata ya zauna daram, sa'an nan ya zame a jikin bango ya zauna. Ya ce wa ƙafar ta motsa, ta ƙi. Ya ɗaga kai ya duba madubin. Ko tsagewa bai yi ba.

Auta ce ta kira Dogo, tana kuka har ba a jin abin da take faɗa. Kafin awa ɗaya ya iso da mutum uku, sun baro wani aikin. Dogo ya tsaya ya dubi kabad, ya dubi salatif ɗin da ke reto, ya dubi Mai Biro da ke tsugune riƙe da ƙirji. Ya wuce shi. Ya durƙusa gaban abokinsa.

"Tsoho, ashe ba ka da hankali?"

"Ba ka ga madubin ba ne? Lafiyarsa ƙalau."

"Madubin uwaka. Kana jin ƙafar?"

"Ta dama."

Suka ɗora shi a kujerar katako, suka ɗaure shi da igiyarsa ta cikin jaka, suka tokare bayan da bargo. Dogo ya shiga ƙasa.

"Karkato hagu kaɗan," in ji Kafaɗa, haƙora a cije. "Akwai taka mai gutsurewa a..."

"Rufe mana baki. Yau kai kaya ne. Ka taɓa jin kaya ya yi magana?"

Haka aka sauko da shi, ba a girgiza shi ko sau ɗaya ba. Bayan an wuce da shi asibiti, mutanen Dogo suka cire wa kabad ɗin ƙofofi, suka sauke duk abin da aka jibga a motar nan, suka sake lodi daga farko a tasu, suka gama gidan cikin awa biyu. Mai Biro ya biya su kuɗin nan dai da ya yi wa dariya. Ya biya direban buɗaɗɗiyar mota, ya biya mai gida fentin bango, firji kuma ba ta sake yin sanyi ba. Na asibiti ba a ma maganarsa.

Wata huɗu Kafaɗa ya yi a kwance. Masu zuwa dubiya suna zama a bakin gado suna girgiza kai, suna cewa tsautsayi ne, sai haƙuri. Tsautsayin me? Tsautsayi shi ne abin da ba wanda ya gani yana zuwa. Wannan an gan shi, an faɗa, an maimaita, an kawo sukudireba har cikin ɗaki. Mutum ya ba wa sana'a shekara ashirin da tara da ƙashin bayansa, aka ba shi kujerar roba da shayi aka ce ya sa albarka. Da likita ne ya ce a cire ƙofofin nan, da injiniya ne mai hular kwano, da an cire su har da godiya. Amma ɗan dako ne ya faɗa, shi kuwa me ya sani ban da ɗauka?

Mai Biro ya zo da dogon jawabi, da hawaye, kalmomi masu kyau ƙwarai. Kafaɗa ya saurara har ƙarshe, ya juya fuskarsa bango. Washegari mutumin ya dawo ba jawabi, kafin ya wuce ofis, ya ce shi zai riƙa ɗaga shi zuwa banɗaki. Ya sunkuya da baya a lanƙwashe zai ciccibe shi.

"Gwiwa," in ji Kafaɗa. Ita ce kalmar farko da ya yi masa tun ranar. "Gwiwa ake lanƙwasawa. Kana so mu zama mu biyu a gadon nan?"

Kafaɗa ya tashi daga baya, amma da sanda, ƙafar hagu yana jan ta. Matakala kuwa ya gama da ita har abada, likita bai ma tsaya yin bayani ba. Sabon gidan su Auta a hawa na biyu yake. Ta yi ta roƙon ya zo ya ga inda suka koma, yana cewa da wace ƙafar.

Wata Asabar sai ga mota a ƙofar ɗakinsa, Mai Biro a gaba, Dogo da wani a baya da kujerar katako. Ƙanin nan mai damatsa ya so ya goya shi kyauta, wan ya ce a'a.

"Ka san bai ko nemi ragi ba?" in ji Dogo yana ɗaure igiyar. "Na faɗi kuɗi, ya zaro ya miƙo. Har na ji kunya."

"Ka dai karɓa."

"Na karɓa mana. Ka san nauyinka kuwa?"

Suka hau da shi taka ashirin da takwas, ya ƙirga. Suka dire shi a ɗakin kwana. Kabad ɗin yana tsaye jikin bango. Ya dogara sanda ya miƙe, ya matsa kusa. A cikin madubin ya ga wani tsoho a karkace, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Bai daɗe yana kallonsa ba. Ya shafa gefen katakon inda rufi ya ci shi, ya buɗe ƙofar hagu, ya rufe, ya sake buɗewa. Tana gugar ƙasa.

"Wa ya mai da wannan ƙofar?"

"Ni ne, Baba," in ji Mai Biro a hankali.

"Ta karkace. Auta, miƙo mini jakata. Kai kuma Malam, zo ka riƙe nan. Riƙe kawai, kada ka ce komai."